Gashin Bakin Injiniya Mu'utaz da Kan Ɗan Rago Moko

Duk wanda ya taɓa hawa matakalar unguwarmu ta Jabal Husaini a birnin Amman ya san shagon kunafar Abu Rakan, ya kuma san ɗan ƙanensa Mu'utaz ko da bai so ba, don Mu'utaz ba ya jiran a tambaye shi. Shekara shida ya yi a bayan tire yana yanka kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku a ciki, yana zuba ruwan sukari. Ka tsaya sayen rabin kilo, sai ya ba ka labarin yadda jami'a ta kasa fahimtarsa, har ya tausaya mata ya bar mata karatunta a shekara ta biyu. Shi dai a kira shi Injiniya. Mu kuwa muna kiransa, tunda duk wanda ya kira yakan sami ƙarin cuku a gefe.

Abu biyu ya mallaka a duniya: baki da gashin baki. Gashin bakin nan kuwa ba na wasa ba ne. Baƙi wuluk, mai kauri, ƙarshensa a murɗe yana kallon sama. Kullum da safe sai ya shafe shi da mai ya taje, ya tsaya a madubin Nimir wanzami, maƙwabcin shagon, yana yi masa kallon da ango ke yi wa amarya.

Wata Alhamis da hantsi, shago cike da mutane, Injiniya ya tuɓe farar rigar masu kunafa ya shimfiɗa ta a kan ma'auni.

"Ammo," ya ce da baffansa, "na gama da cuku. Duniya tana jirana."

Abu Rakan bai ko ɗago kai daga murhu ba. Ya ce, "Ka ce mata ta ƙara jira kaɗan, akwai mutum huɗu a layi."

"Gem zan ƙera. Wasan bidiyo. A kan Zumiko zan fitar da shi."

Zumiko dai kowa ya santa, 'yar na'urar wasan nan ce da wani kamfani na can gabas mai nisa ke ƙerawa, wadda ake jona wa talabijin ana kaɗa rimot ɗinta a iska. Babu gidan da ke da yara a unguwarmu da ba a yi kuka a kanta ba sai da aka saya.

Nimir wanzami ya leƙo da almakashi a hannu. "Injiniya, kai da rannan ka kira ni in gyara maka agogon wayarka?"

"Gwada ka na yi. Ku saurara ku ji. Sunan gem ɗin Gwarzon Mansaf, abincinmu na girma, shinkafa da naman rago da miyar jamid, busasshen nonon nan. Mutum zai tsaya a gaban tire, hannun hagu a baya kamar yadda kakanni suka koya mana, rimot a hannun dama. Ya dunƙula loma, ya jefa a baki ba tare da yatsa ya taɓa leɓe ba. Wanda ya riga cinye gefensa shi ne gwarzo. Yaran Tokyo za su daina cin kifi ɗanye su koma jamid!"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta ja masa. Ya hau kan akwatin lemo, ya kama ƙarshen gashin bakinsa da yatsu biyu, shago ya yi tsit, don a wurinmu in namiji ya kama gashin baki ya yi magana, to magana ta zauna, babu janyewa.

"Ku shaida. Ranar da gem ɗina ya fito, in bai hau shafin farko na shagon da ke cikin Zumiko ba, Nimir ya aske wannan ƙwal a bakin titi, in koma bayan tire har ƙarshen raina."

Nimir ya ce, "Na shaida. Bari in je in wasa aska tun yanzu."

Abu Rakan ya ba shi ɗakin da ke saman shago, inda ake ajiye buhunan gari. Ya kuma roƙi 'yarsa Sausan ta riƙa leƙa shi kada ya ƙona ginin. Sausan ita ce injiniyar gaske a gidan, ta gama karatun kwamfuta tana aiki daga gida, ba ta kuma taɓa cewa a kira ta komai ba. Ta hau sama ta same shi ya manna takarda a ƙofa: Kamfanin Mu'utaz na Ƙasa da Ƙasa, Babban Ofishi.

Ta ce, "Ɗan baffa, ina ƙaramin ofishin yake?"

"Ana kan shiri."

"To saurara. Ka fitar da abin nan a waya ko a kwamfuta. Zumiko ba wurinka ba ne."

"Gida nawa ke da ita a duniya?"

"Ba su ƙirguwa."

"To ai duk masu sayena ne."

"Masu sayen Moko ne," in ji ta. "Ka taɓa ganin wanda ya sayi Zumiko don wani abu ba Moko ba?"

Moko shi ne ɗan farin ragon kamfanin, mai jar ƙararrawa a wuya, wanda ke tsalle a kan gajimare yana tara furanni. Kamfanin da ya ƙera na'urar shi ya ƙera ragon, shi ke da shagon, shi ke zaɓen wanda za a nuna a gaba da wanda za a tura bayan layi. Moko ya yi tsere, Moko ya yi ƙwallo, Moko ya je wata. Sausan ta bayyana masa cewa uba yakan sayi gem biyu a shekara, duka biyun na Moko ne, don ya san ba za a yi masa kuka ba. Baƙon da ya shigo da nasa kayan sai ya bi dokokinsu, ya ba su rabonsu, sannan ya yi takara da ɗan masu gida a tsakar gidansu. Ta ce manyan kamfanoni masu ma'aikata ɗari biyar sun shiga da ganga sun fito a sulale.

Mu'utaz ya murza gashin baki ya ce, "Su ba su san mansaf ba. Kuma ni, Sausan, rago ba ya ba ni tsoro. Mu nan cin sa muke yi."

Aka fara aiki. Wato Sausan ta fara aiki, Injiniya kuma ya riƙa zagaya ɗaki da hannu a baya yana ba da umarni. Umarninsa na farko shi ne kowace ƙwayar shinkafa a kan tiren nan a zana ta ita kaɗai, da inuwarta, da maiƙonta, da yadda take mirginawa. Ya ce ba za a ce Ba'urdune ya yi wa shinkafa ha'inci ba. A babbar kwamfutar Sausan abin ya fito gwanin sha'awa, har Nimir ya hau ya kalla ya ce yunwa ta kama shi.

Bayan wata biyu na cike takardu, kamfanin ya aiko da na'urar gwaji a cikin akwati mai hatimi. Mu'utaz ya ɗora ta a kan tebur ya lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, ya hana a taɓa, sai dai maƙwabta su hau su yi kallo daga nesa. Sai da Sausan ta yi barazanar kiran babanta sannan ya yarda aka jona. Aka sa gem ɗin. Mutumin cikin allo ya miƙa hannu zai ɗebi shinkafa. Sausan ta sauka ta haɗa shayi da na'ana'a, ta sha, ta wanke kofi, ta dawo. Hannun bai kai tire ba.

"Na'urar ce mai rauni," in ji Mu'utaz. "Laifin wa?"

"Da gangan suka yi ta haka, don ta yi araha uwaye su saya. Moko kala huɗu ne da gajimare, yana gudu kamar iska. Kai ka ɗora mata buhun shinkafa."

"To su ƙara mata ƙarfi. Rubuta musu."

Ta rage shinkafar rabi ba da saninsa ba. Ya gane, ya mayar da rabin rabin ba da saninta ba. Haka suka yi ta yi har bazara ta shigo. Sannan aka tura gem ɗin wurin masu tantancewa na kamfanin, don ba a sayar da komai a Zumiko sai da hatiminsu.

Mako bakwai shiru. Kullum Nimir sai ya tsaya a ƙasan taga ya ɗaga murya: "Injiniya, Tokyo ta kira?" Mu'utaz ya leƙo ya ce, "Suna ta taro a kaina." A mako na takwas amsa ta zo, shafi goma sha ɗaya, cikin ladabi mai sanyi. Sun yi godiya, sun yaba, sun ƙi.

Sausan ta karanta masa a gaban Abu Rakan da Nimir. Na farko, dole allo ya fara da gargaɗin a ɗaura igiyar rimot a wuyan hannu.

"Igiya? Namiji zai ci mansaf da igiya a hannu kamar akuya? Wuce."

Na biyu, dole bahago ya iya buga gem ɗin da hannun hagu.

Mu'utaz ya dafe ƙirji. "Hagu? A mansaf? Su zo su faɗa wa Hajji Salame mai unguwa wannan maganar a gaban idonsa! Bahagon ya je ya koyi tarbiyya, sannan ya dawo ya saya."

Na uku, akwai kan rago dafaffe a tsakiyar tire, baki buɗe da ganye a ciki. Ko a cire shi, ko a rubuta cewa gem ɗin na manya ne kawai.

"A cire kai?" in ji Mu'utaz. "Mansaf ba kai, baƙo zai ce an ba shi ragowar jiya! A rubuta na manya. Dama ba na yara na yi ba, na maza ne."

"In aka rubuta na manya," in ji Sausan, "na'urar da ke gidan yara ba za ta ma nuna shi ba. Kuma Zumiko duk a gidan yara take."

Abu Rakan ya ce, "Wato ka buɗe shago a cikin makarantar firamare, ka rubuta a ƙofa ban da yara."

"Ammo, kai cuku ka sani."

"Cukun ne ya biya wutar da kake ƙonawa a sama."

Sau uku ana turawa, sau uku ana dawowa da shi. Sausan ta sa gargaɗin igiya. Ta kuma ɓoye zaɓin hagu a can cikin wani lungu, ta ce masa sun yafe. Ya ce ai ya san za su risina. A karo na huɗu hatimi ya fito, aka ce ya zaɓi ranar fitarwa. Ya zaɓi Juma'ar farko ta hutun makaranta, don ranar ce uwaye ke buɗe aljihu.

Sausan ta duba kalanda ta ce, "Ka san me ya sa babu wani kamfani a duniya da ya zaɓi ranar nan? Ranar Moko na Tara zai fito."

"Madalla. Ni da shi, a fili ɗaya. A ga namiji."

Amma da ya kwana biyu yana jin Nimir na wasa aska da gangan a ƙasan taga, sai ya ga ya kamata a ɗan taimaka wa nasara. A ƙasarmu kuwa ba abin da ke gagarar tawagar dattawa. Da ita ake neman aure, da ita ake sasanta rikicin da aka zubar da jini. Mu'utaz ya ce me zai hana a nemi shafin farko da ita? Ya bi gida gida ya tara dattawa goma sha biyu, kowa da jan rawaninsa da alkyabba, Hajji Salame a gaba. Ya ce musu za a je wurin wakilin kamfanin a kan maganar mutuncin unguwa. Motoci huɗu suka tsaya a ƙofar Hawaja Jiryis, mai babban shagon kayan wasa a bakin babban titi, wanda ke shigo da Zumiko daga Dubai a kwali.

Bawan Allah Jiryis ya ga rawuna suna shigowa, ya ɗauka ɗansa ya buge wani da mota. Nan da nan ya jera kujeru tsakanin 'yan tsana da kekunan yara, ya zuba gahawa a ɗan kofi ya miƙa wa Hajji. Hajji ya karɓa, ya ajiye a ƙasa bai sha ba. Kowa ya san ma'anar wannan: ba za a sha ba sai an biya buƙata.

"Hawaja, mun zo da roƙo," in ji Hajji Salame. "Ɗanmu Mu'utaz yana da haja a shagonku na cikin na'ura. Muna so a sa shi a gaba."

Jiryis ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. "Hajji, wallahi ni kwali nake sayarwa. Mutanen nan ko sunana ba su sani ba. In na rubuta musu, na'ura ce ke amsa mini."

"Gahawa tana hucewa, Hawaja."

"Shafin nan a can ƙasarsu ake tsara shi, wata shida kafin lokaci!"

"Dattijo goma sha biyu," in ji Mu'utaz daga baya, "wani da ciwon gwiwa ya hau matakalarka."

To wa zai bar gahawar dattawa ta huce a shagonsa, gobe ya fito titi? Jiryis ya share gumi ya ce, "Ku sha gahawarku, kun sami abin da ke hannuna. Ranar Juma'ar ina bikin fitowar Moko a nan. Zan ba shi tebur da talabijin a bakin ƙofa, a gaba da kowa."

Hajji ya ji kalmar gaba, ya ɗaga kofi ya shanye. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa Injiniya ya durƙusar da kamfanin Japan da kofi ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, titin Jiryis ba masaka tsinke. Layi ya miƙe har kantin magani, ya karya kwana. Yara da hular kunnen rago, uwaye mata da jaka, uwaye maza da fuskar waɗanda aka tilasta. A ƙofa wani ma'aikacin Jiryis ya shiga cikin rigar Moko, ƙaton farin rago mai kai kamar tulu, yana rawa yana ɗaukar hoto da yara.

Mu'utaz ya iso cikin baƙar kwat, gashin baki na ƙyalli. Bayansa mutum biyu ɗauke da ƙaton tiren mansaf na gaske, wanda ya sa uwarsa ta dafa don a ci bayan nasara. Aka girke tiren a gaban tebur. Dattawa suka zauna a sahun gaba. Nimir ya zo da 'yar jakarsa ya tsaya a gefe.

"Ka ga jama'a?" Mu'utaz ya raɗa wa Sausan. "Na ce miki."

"Na gani. Tambayi ɗaya daga cikinsu sunanka."

Ya ɗauki lasifika. "Jama'ar Amman! Yau ranar tarihi ce! Ku bar ragon gajimare, ku zo ku ga ragon gaskiya!"

Wasu suka juyo. Ya kunna na'urarsa ta gwaji. Allo ya nuna gargaɗin igiya, ya danne shi da sauri ya jefar da igiyar a ƙasa, yana cewa wannan na masu sanyin hannu ne. Garin gaggawa yatsansa ya zarce ya shiga lungun da Sausan ta ɓoye, ya danna abin da bai karanta ba. Tire ya bayyana a allo. Shinkafa ƙwaya ƙwaya, tana fitowa a hankali kamar ana ƙirga ta. Sannan kan rago ya fito a tsakiya, fari, baki buɗe, ido a kafe, yana kallon layin yara.

Wata yarinya mai kitso biyu ta nuna da yatsa. "Mama, Moko ne?"

"A'a, ba shi ba ne, rufe idonki."

"Sun dafa Moko!"

Kuka ya tashi daga gaban layi ya bi shi har kantin magani. Wata mata ta ce, "Kai, ba ka jin kunya? Da gashin baki kamar tsintsiya kana tsorata yara?"

"Hajiya, al'adarmu ce! Ba a gidanku ake ci ba?"

"Ana ci, amma ba ranar bikinsa ba!"

Mu'utaz ya ce a yi haƙuri a ga wasan tukuna. Ya sa hagu a baya, ya kaɗa rimot da dama. Mutumin cikin allo ya tsaya yana tunani. Can sai ya sa hannun dama a baya, ya miƙa hagu cikin shinkafa, a hankali, yadda kowa zai gani da kyau.

Hajji Salame ya miƙe tsaye da sandarsa. "Da wane hannu yake ci?"

"Hajji, juyin talabijin ne."

"Hagu ne! Ka tara mu, muka ajiye gahawa a ƙasa, don ka nuna wa duniya 'yan Jabal Husaini da hagu suke cin mansaf?"

"Sausan!" Mu'utaz ya juya. "Kin ce sun yafe!"

"Sun yafe bayan na sa," ta ce. "Kai ka danna."

Ido ya raina fata. Ya shiga kaɗa rimot da ƙarfi don ya karɓe loma daga hannun hagu, na'ura kuwa tana can tana fama da inuwar shinkafa. Ya kaɗa, ya sake kaɗawa, gumi ya jiƙe masa tafin hannu. A kaɗawa ta biyar rimot ya suɓuce. Ya tashi sama, ya wuce rawanin Hajji da ɗan yatsa, ya je ya daki ƙaton Moko a goshi, ƙwas! Ragon ya yi tangaɗi, ya ci tuntuɓe da wayar lasifika, ya tafi gaba. Kan ya cire, ya yi tsalle ɗaya a kan tebur, ya sauka daram a tsakiyar tiren mansaf, ƙararrawa tana ƙara, miyar jamid tana gangarowa daga kunnuwa.

Na rantse, ko uwar Mu'utaz da ta shekara arba'in tana jera mansaf ba ta taɓa daidaita kai a tsakiya haka ba.

Daga wuyan rigar kuma wani mutum mai sanƙo da gemu ya fito, jiƙe sharkaf, yana tambayar wane ɗan marasa tarbiyya ne ya jefe shi. Yara suka ga Moko ba kai, ga kansa a kan shinkafa, ga wani baƙo a cikin cikinsa. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Uwaye mata suka yi kan Injiniya da jakunkuna, Jiryis na ihu a kashe talabijin, dattawa na fita suna tofa albarkacin bakinsu, ba kuma albarka ba ce. Wani mai wucewa da bai san me ake ciki ba ya zauna ya fara cin mansaf daga gefe.

Cikin wannan hali Mu'utaz bai saduda ba. Ya hau kujera, kwat a yage, ya ce, "Alkawarina a kan shafin farko ne! A buɗe shagon na'ura a gani!"

Sausan ta buɗe a babban allon Jiryis. Shafin farko Moko ne daga sama har ƙasa. Na biyu tsofaffin Moko da aka rage wa farashi. Na uku hulunan Moko. Ta yi ta saukowa, jama'a na ƙirgawa da ita da murya ɗaya, har shafi na arba'in da ɗaya. Babu.

"Sun ɓoye shi don tsoro!"

"Na'urar Hawaja ta yara ce," in ji Sausan. "Ba ta nuna na manya. Kai ka zaɓa."

Aka kawo wata, aka cire makullin yara, aka rubuta sunan harafi harafi. Ga shi nan a ƙasan wani gem na koyon ɗinki. An saya sau biyu. Ɗaya Sausan ce, don ta tabbatar yana buɗewa. Ɗayan kuwa wani ne a ƙasar Finland, wanda ya bar tambaya cikin ladabi yana son sanin ko ana iya cire kan.

Nimir ya buɗe jaka. Bai yi gaggawa ba, wallahi. Ya ari kujerar Jiryis ya kafa a bakin titi, ya ɗaura wa Injiniya tawul, ya kaɗa kumfa. A nan ne dai na ji tausayinsa ya kama ni, don na ga idonsa ya cika, kuma duk faɗin bakinsa bai roƙi a yafe masa ba. Ya ɗaga haɓa ya ce, "Aske. Amma ku rubuta ku ajiye, ba ni na faɗi ba, na'urar ce ba ta kai ni ba."

"Rufe baki, Injiniya," in ji Nimir, "kada in haɗa da leɓe."

Shara biyu aka yi. Abin da ya bayyana a ƙasa wani ɗan farin leɓe ne wanda rabon da rana ta gan shi tun yana sakandare. Yaran da ke kuka suka tsaya suka kalla, suka fashe da dariya. Jiryis ya ce shi ne abu ɗaya da ya faranta wa masu sayensa rai a hannun Mu'utaz.

Asabar da safe farar riga tana nan a kan ma'auni inda ya bar ta, a wanke a goge. Abu Rakan ya dai miƙa masa wuƙar yanka. Hoton kan Moko a kan mansaf kuwa ya zagaye wayoyin Amman, mutane suka riƙa hawa matakalarmu don su ga mai aikin. Abu Rakan, da yake ɗan kasuwa ne, ya sa maƙeri ya yi masa ɗan ƙarfe mai siffar rago da ƙararrawa, aka fara yanka kunafa da shi. Layi ya kai ƙofar Nimir.

Kwana uku kacal aka yi, sai ga wasiƙa daga lauyoyin kamfanin, da jan hatimi, da sunan Mu'utaz a rubuce daidai, suna umartar a daina sayar da kunafa mai kama da ragonsu nan take. Mutanen da sai sun yi mako bakwai kafin su ce masa a'a. Abu Rakan ya jefa ƙarfen a aljihun tebur ya koma yanka murabba'i. Mu'utaz kuwa ya kai wasiƙar aka sa mata gilashi, ya rataye ta a saman tire.

Jiya na je sayen rabin kilo. Ya nuna mini ita da wuƙa ya ce, "Ka gani? Da ni ke rubuta musu. Yanzu su ke nemana. Tsorona suke ji, malam."

Ya kai yatsu biyu zai murza gashin baki, suka kama leɓe. Ya tsaya haka da hannu a sama. Daga murhu Abu Rakan ya ɗaga murya:

"Injiniya, tire na ƙonewa."